Makullin Sista Boniswa

Shugabar taro, Mama Dyantyi. Shugaban asibiti da muƙarrabansa. Iyayenmu da suka yi ritaya. 'Yan'uwana ma'aikatan jinya, maza da mata: barkanmu da yamma. Ni ce Thozama, daga ɗakin mata. Na gode da aka ba ni dama, ko da yake na san wasu sun so a ce lokaci ya ƙure kafin a zo kaina.

Magana ta farko, Zintle. Ranar Litinin aka kawo ta da ciwon ƙoda. An haife ta namiji, tana rayuwarta a mace, cikin waɗanda ake kira masu sauya jinsi. Ɗakin mata aka ce ba tasu ba ce, ɗakin maza ta ce ko za ta mutu ba za ta shiga ba, sai aka ajiye ta a baranda bisa gadon da ake turawa, kamar ƙunshin wanki. Likita ya ce ta yi ta shan ruwa, in ba haka ba ƙodar za ta tsaya. Aka ajiye mata jug na ruwa, jug bai ragu ba.

Magana ta biyu, Sista Boniswa. Kun san ta. Duk Alhamis tana cikin kayan matan coci, ita ke ja mana waƙar safe, ra'ayinta kan wannan al'amari kuwa ba ɓoyayye ba ne. Amma ita ce ta tsaya ta ce, "Ke 'yar nan, ruwan nan ado ne?"

Zintle ta ce, "Mama, in na sha ina zan je? Banɗakin mata sun kore ni da tsintsiya, na maza kuma sun tare ƙofa wai in zo su duba."

Boniswa ta ciro makullin banɗakin ma'aikata daga wuyanta, makullin nan da ko ɗalibanmu ba ma ba su, ta ce, "Shanye. In ya matse ki, ga wannan."

Wata a cikinmu ta ce, "Sista, ke ma kin koma ɗariƙarsu ke nan?"

Ta ce, "Imanina yana nan inda na bar shi. Amma ƙodarta aka ba ni in kula, ba lahirarta ba."

Magana ta uku, ladan da ta samu. Jiya aka karɓe makullin, aka mayar da ita ɗakin wanke kayan aiki, wai ta zubar da mutuncin ma'aikata. Mutunci! Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba. Da fitila a hannu muka yi rantsuwar kama aikin jinya, ban ji inda aka ce sai wanda muka yarda da rayuwarsa ba. Ban roƙi kowa ya bar cocinsa ba, ban roƙi kowa ya bar masallacinsa ba, ban roƙi kowa ya so Zintle ba. A mayar wa Boniswa makullinta da aikinta, a buɗe wa yarinyar nan ƙaramin ɗakin gefe da muka cika da karyayyun kujeru.

Manyanmu, na ga an jera muku ruwan gora a tebur. Ku sha lafiya, banɗaki yana bayanku. Na leƙa Zintle kafin in shigo: ƙafafunta sun fara kumbura, jug ɗin kuma cike yake.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa lami lafiya, ya sa ranar da aka kwantar da mu a baranda a samu mai tsayawa ta tambaye mu.

Na gode.