Yadda Uba Ke Cewa ’Yata da Tamil

A rumfar mai gyaran waya a Gwarinpa, Malam Salisu na zaune kusa da wani dattijo Ba’indiye mai jin Hausa. Ya yi ta juyi a kan benci, can dai ya kasa daurewa.

“Oga, don Allah kana jin Tamil?”

“Yaren uwata ne, Alhaji. Lafiya?”

“Saudatu, ’yata, tana karatu a Chennai, ga ta kwance ba lafiya. Tsohuwar da ta ba ta ɗaki ce ke jinyarta, kuma ba ta jin Turanci. So nake in kira, ko ‘’yata’ kawai in faɗa da yarenta, ta san yarinyar nan tana da uba.”

“Ce en magal.”

“En magal.”

“Kai! Harshenka na lasar haƙori. A ƙarshen kalmar, lanƙwasa kansa baya, ya taɓa rufin bakinka.”

“Kamar in za mu ce ruwa?”

“Yauwa, can wajen. Amma ku kuna bugawa ku gudu. Mu riƙewa muke, iska ta bi gefe.”

“Zan haɗiye shi fa, oga.”

“Ba wanda ya taɓa mutuwa da shi.”

Malam Salisu ya rufe ido ya sake gwadawa, sautin ya fito da nauyi. Dattijon ya kawar da kai, yana kallon titi.

“Na ɓata ko?”

“Ba ka ɓata ba. Tawa ’yar tana can gida Madurai, har ta haihu ban je ba.” Ya share ido. “Sake faɗa, Alhaji. A hankali.”