Naman Mai Jego a But ɗin Mota

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ce Hannatu daga Kafur. Ranar Talata na kai wa ƙanwata mai jego nama da man shanu Funtua. Direba ya kulle su a but, ya ce, "Gwaggo, nan rana ba ta shiga." Bayan Malumfashi taya ta fashe, muka daɗe a tsaye. Da muka isa, man ya narke, naman yana wari. Surukarta ta shinshina, ta ture kwanon.

Mako mai zuwa zan koma. Motar maƙwabcinmu mai ƙofar baya ce, kaya da mutane wuri ɗaya, akwai iska amma rana na dukan gilashi. Wacce zan shiga? Ku ba ni shawara, ƙanwata ce ke shan gorin.