Allon da Ban Goge Ba

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Daga Sandamu nake rubuto maka.

Na yi digiri, na koyar har na yi ritaya, ban ga abin da takardun suka tsinana mini ba. Shi ya sa na cire autana Habibu daga makaranta. Na kafa baƙin allo a zaure, na ce masa, "Abin da ranka ke son sani, tambaye ni, ko ka bi wanda ya sani." Abokaina malamai suka ce na zautu, suka daina zuwa hira. Ban damu ba, tunda ina da Habibu da tambayoyinsa.

Ranar da injin ban-ruwanmu ya lalace, ya tambaye ni dalili, na ce ban sani ba. Sai ya bi maganata, ya tafi Daura wurin wani Ibo mai shagon kayan inji. Yanzu can yake kwana. Ya iya aiki, ban musa ba. Amma in ya bugo waya, "Baba, lafiya?" ce kaɗai tambayarsa.

Masu sauraro, in kira shi gida ko in ƙyale shi? Na san ana kunna shirin nan a shagonsu. Habibu, lissafin da muka fara yana nan a allo, ban goge ba.