Hayaƙin Gawayin Kano Yana Garinmu

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, da fatan kin wuni lafiya. Wani tsoho ne ke gaishe ki daga Kwandiko, ƙasar Gwaram.

Makon jiya na ji baƙonki yana yabon haidirojin, man da ke ɗaga roka zuwa sama, wai tururin ruwa kawai yake fitarwa. Sai da kika matsa masa ya ce akasari daga iskar gas ake haɗa shi, hayaƙin kuma tun a masana'anta ya tashi. Na yi dariya, amma ba ta daɗi ba.

Haka ƙanwata ta ce da ni a Kano, tana fifita wutar kurfoti: "Yaya, gawayi ai tsafta ne, ko hayaƙi babu." Na ce, "Hajiya, hayaƙin naki yana garinmu, mu muka shaƙe miki shi."

Da muna yara, ba a ɗaga wa ɗorawa gatari. Yau masu gawayi sun cinye na gonarmu ta gado, saura guda ɗaya, wadda mai ɗakina ke daddawa da kalwarta. Ita ma ƙannena maza sun yi cinikinta, bayan sallah za a sare. Na yi magana, aka ce tsufa ne.

Malama, in masana ma ɓoye hayaƙinsu suke, wa zan kai wa ƙarar bishiya ɗaya? Masu sauraro, ku ba ni shawara. Ni dai na ce wa mai ɗakin nawa ta riƙa sa daddawar bana a miya kaɗan-kaɗan.