Mutumin Cikin Madubi

A bencin filin gwajin tuƙi, wani saurayi ya juya wajen dattijuwar da ke jiran layi kusa da shi.

"Mama, ke ma wannan fakin ɗin ne ya kayar da ke?"

"Shi ne, ɗana, shiga da baya tsakanin durom biyu. Wancan karon na ture na bayan."

"Wahalar banza ce. In an ba mu lasisi, wa zai ƙara yin sa?"

"Ni. A ƙofar asibitin da ake duba maigidana, sai tsakanin motoci ake samun wuri. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, motar ta dawo hannuna."

"Allah ya ba shi lafiya. Wa ke koya miki?"

"Shi. Magana ba ta fita, amma in na kusa durom sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya, in taka birki."

"Ai ba za su bari ya shiga motar ba."

"Na sani. Ga shi can a kekensa na guragu, gindin bishiya."

"Mama, idonki na kan madubi, ina za ki gan shi?"

"Tun da safe na auna, ɗana. Daidai madubin na ajiye shi."