Na Nuna wa Tsoho Butiki

Salamu alaikum malam mai karanta wasiƙu, da ku masu sauraro. Damina shida ke nan rabona da garinmu Urafane. Ina wani gari na bakin teku a ƙasar Larabawa, ina jan raƙumi, masu yawon buɗe ido suna hawa ana ɗaukarsu hoto. Kowace shekara ƙaruwa suke, otel bayan otel, har ruwan rijiyoyin garin ya ja ƙasa. Ba mugayen mutane ba ne, kuma da zuwansu muke ci.

Farkon zuwana wata Baturiya ta sauko daga raƙumi leɓɓanta a bushe, na miƙa mata gorar ruwana. A gidanmu ba a tambayar baƙo sunanshi sai ya sha. Mai raƙuman ya jawo ni gefe ya ce, "Kai ɗan Nijar, butikin can na wa ne? Ruwa sayar da shi nake a kantin. Ka sake, ka aje akala."

Ban sake ba. Makon jiya wani tsoho, sa'an babana, ya nuna gorar yana haki. Na nuna mashi butiki da baki. Abin da ya sa na rubuto, malam, shi ne ko a jikina.

Ku ba ni shawara: in koma kafin shuka tun ina gane kaina, ko in ƙara shekara? A gaida ƙanena Sani. Abin da na tara yana hannunshi: tumaki uku da kwanon rufin ɗaki guda.