Suna na Goma Sha Uku a Allon Kofin Laraba

Mai girma shugaban taro, Mista Alan Tyson. Mai girma Magajiyar Garin Harrowbeck, Uwargida Maureen Hetherington. Rabaran Kirkbride na cocin Bakin Tasha. 'Yan kwamitin wannan ƙungiya, waɗanda suka zo da waɗanda suka aiko da uzuri. Tsofaffin 'yan wasa da gwiwoyinsu suka yarda suka hawo da su benen nan. Iyayenmu mata da matanmu, da suka sha wankin rigunanmu shekara da shekaru. Samarin da ke sa rigar a yau. Jama'ar gari, maza da mata: barkanku da yamma, barkanmu da ganin wannan rana.

Ina godiya ga kwamiti da ya ba ni minti goma sha biyar. Ina godiya ga matan kicin, da suka aiko mini cewa in na wuce haka za su fara rabon burodin nama ko na gama ko ban gama ba. Ina kuma godiya ga duk wanda ya baro ɗumin ɗakinsa ya zo jin labarin wasan da aka yi aka gama tun shekara hamsin.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Isaac Mossop, abokai na ce mini Ike. Ni ne mai lamba tara a ƙungiyar zari-rugar da ta ci Kofin Laraba a kakar 1968, daga baya na yi sakatare shekara ashirin da shida. Mu goma sha uku muka shiga fili ran wasan ƙarshe, amma sunaye goma sha biyu ne a allon da ke bayana; a layin ƙarshe "Wani" aka rubuta. Kwamiti ya ce in fito yau in cike gurbin, kuma zan cike. Sai dai da bakina na yi alkawarin ba zan faɗi sunan nan ba, na riƙe alkawarin har ya ci mini abin da ya ci, saboda haka ku bar ni in bi maganar daki-daki.

Na farko, kofin kansa. A wancan zamani kantuna na rufewa da ƙarfe ɗaya ran Laraba, 'yan aikin safe na fitowa daga ramin kwal da ƙarfe biyu, a take wasa da huɗu da rabi. Ƙungiyoyi takwas ne na bakin tekun nan, sili ɗaya ƙwale, wanda aka kayar ya tafi gida sai baɗi. Wasan Asabar na ado ne, a zo da mata da 'ya'ya. Wasan Laraba kuwa na mutumin da ya fito daga aiki ne da baƙin kwal a kunne, ya sha shayi a tsaye, ya nufo fili. Manyan jaridu ba su kula da shi, baƙi daga nesa ba su zuwa. Wannan rashin kulawa shi ya sa abin da zan faɗa ya yiwu.

Na biyu, dokar da samarinmu ba su sani ba, domin ta mutu tun kafin a haifi yawancinsu. Zari-ruga iri biyu ce, kuma masu wasan 'yan goma sha biyar sun ce duk nasu da ya taka filinmu na 'yan goma sha uku, ko da sau ɗaya ne, ko da bai karɓi kwabo ba, an kore shi har abada. Ba zai yi wasa ba, ba zai koyar ba, ba zai ma shiga ɗakin taron ƙungiyarsu ya sha ruwa ba. Don haka idan nasu ya zo gwaji a wurinmu, ba ma rubuta sunansa a takardar wasa.

Saura mako guda a fara kofin, ɗan gefenmu Harold Nixon ya karye a kafaɗa. Ran Laraba sai ga kyaftin ɗinmu, marigayi Jonty Fearon, ya shigo ɗakin sa kaya da wani dogon saurayi mai hular babur a hannu. Daga hayin iyaka ya fito, ɓangaren Sukotlan, inda yake tsaron kantin kayan ƙarfe na mahaifinsa. Mahaifin nan kuwa shi ke riƙe da makullin filin 'yan goma sha biyar na garinsu, shekara talatin. Saurayin ya rufe kanti da ƙarfe ɗaya, ya ce wa tsohon zai je zance, ya yi tafiyar awa biyu a kan babur don ya gwada kansa da mu.

Jonty ya rufe ƙofa ya ce, "Ku buɗe kunnuwanku. Wannan ba shi da suna, ba shi da gari. Wanda ya tambaye ku, ku ce ɗan kawun Harold ne, daga jirgin ruwa ya sauko."

Wilf Birkett, mai lamba takwas, ya ce, "To in ina so ya miƙo mini ƙwallo, me zan kira shi?"

Jonty ya ce, "Kai Wilf, yaushe rabon da wani ya miƙa maka ƙwallo da gangan?"

Aka yi dariya, sannan muka ba saurayin hannu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ya ɗauka. Alkawari kaya ne, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sunansa Sandy Hislop. Yau ne karo na farko da na faɗe shi a gaban mutum fiye da ɗaya.

Na uku, wasannin. Mun fitar da Skelgarth da ci goma sha ɗaya da biyar. Mun yi kunnen doki da Ellercroft, bakwai da bakwai, muka sake karawa Laraba ta gaba muka ci tara da huɗu. A wasan ƙarshe muka gamu da Brigsea, suna gaba da mu har saura minti huɗu, Sandy ya karɓi ƙwallo a tsakiyar fili, ya zille wa mutum uku, ya dire ta a bayan layi. Aka tashi goma sha uku da goma. Duk kakar nan ruwa bai ɗauke ran Laraba ba, taɓo ya rufe fuskar kowa tun minti goman farko, shi ya sa ba a gane shi ba.

Al'ada ita ce a yi wanka, a sa taye, a hau zaure, magajin gari ya miƙa kofi, a ɗauki hoto. Muna fitowa daga fili Jonty ya hango mai hoton da aka turo, na jaridar da ake sayarwa har hayin iyaka. Sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ba wanda zai taɓa ruwa." Ya sunkuya ya damƙo taɓo ya ƙara wa fuskarsa, muka bi sahu. Magajin gari na lokacin ya sauko yana ɗage ƙafar wando, ya ce, "Fearon, haka za ku karɓi kofi, kamar aladu?" Jonty ya ce, "Ranka ya daɗe, ai aladun ne suka ci."

Hoton da ke kusa da ƙofa ke nan. Yawancinmu ba mu sake cin komai ba har muka ajiye takalma, kuma ba mu da hoton da 'ya'yanmu za su gane mu a ciki. Har gobe gidan Birkett da gidan Graham suna gardama a kan na uku daga hagu. Na san ko wane ne, amma gidajen biyu duk suna ba ni shayi. Shi kuwa Sandy, an yi masa tayin ya zauna da mu, ya ce ba zai iya duban mahaifinsa ba. Ya hau babur, bai sake tako Harrowbeck ba.

Na huɗu shi ne wanda ba ya cikin kowane kundi. Bayan shekara tara, wani saurayi daga wannan garin nasu ya zo mana gwaji, shi ma ran Laraba, shi ma a matsayin "Wani". Kun san shi duka: Dod Ballantyne, wanda ya yi mana wasa shekara goma sha ɗaya, ya koyar da rabin samarin da ke zaune a nan. Shi bai yi sa'ar taɓo ba, wani ya gan shi ya kai labari. Kwamitin ƙungiyarsu na mutum biyar ya zauna a kansa, uku suka ce a kore shi, biyu suka ce a yi haƙuri. Da ya kwaso kayansa ya dawo nan, na tambaye shi wa ya karanta masa hukuncin. Ya ce, "Hislop, mai kantin ƙarfe. Ko ɗago kai bai yi ba." Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na ji sunan, na san abin da na sani, na yi shiru.

Shekara shida bayan haka mahaifin Dod ya rasu. Ni na kai shi a motata. Bayan an binne, aka tafi shan shayin makoki a ɗakin taron ƙungiyarsu, aka tare Dod a ƙofa, cikin ladabi, aka ce doka ce. Muka zauna a mota, ni da shi, muna kallon 'yan'uwansa ta taga. Ran nan ma na yi shiru. Na yi shiru shekara arba'in da ɗaya, kowace Asabar kujerarsa na jikin tawa.

Na biyar, kuma na ƙarshe. Da kwamiti ya yanke shawarar cike gurbin, na je na sami Sandy a gidansa a watan Agusta, domin ba a kwance alkawari a bayan mai shi. Ya ce, "Ike, ka tsufa." Na ce, "Kai ma ba jiya aka haife ka ba." Da na gaya masa abin da ya kawo ni, sai ya ce, "Dokar ta mutu, amma wanda na yanka da ita yana da rai. Tsoro na ji, Ike. Na ga in na tsaya wa Dod, za a fara tambayar me ya sa. Ba ni da bakin cewa a rubuta ko kada a rubuta. Je ka tambayi Dod."

Na sami Dod a lambunsa na bayan layin dogo, yana ɗaure wake a jikin kara. Na gaya masa komai, tun daga babur har hoto. Da na gama, ya ce, "Shi ya ci mana kofin?"

Na ce, "Shi ne."

Ya ce, "To a rubuta. Abin da mutum ya yi a fili nasa ne. Nasa ma na gane, tsoro ne, na san wannan tsoron." Ya ja igiya ya ƙulla, ya dube ni. "Amma kai fa, Ike, tsoron me kake ji? Kai ka zauna da ni a motar nan."

Na ce, "Alkawari na yi, Dod."

Ya ce, "Na ji." Ya juya ga wakensa.

Baki ya san abin da zai faɗa, bai san abin da za a mayar masa ba. Yau mako shida ke nan Dod bai zo kallon wasa ba. An aika masa da katin wannan taro, an ajiye masa kujera a teburina, ga ta can, babu kowa a kai. Na auna abin nan iyakar iyawata. Ban ga ranar da ya kamata in ci amanar Sandy ba, ban kuma ga ranar da shiruna ya yi wa Dod adalci ba. Ba na neman a yanke mini hukunci, ba na neman a wanke ni. Ina jin kunya, ina kuma kewar abokina, kuma na ga ya dace ku san wannan kafin ku yi tafi.

Mai girma shugaba, mai fenti na iya goge "Wani" ya rubuta Sandy Hislop.

Allah ya jiƙan Jonty da Wilf da Harold, da sauran da suka riga mu. Allah ya tsare samarinmu a fili da wajen fili, ya raba su da dokar da za ta sa mutum ya ɓoye sunansa. Allah ya albarkaci wannan ƙungiya da wannan gari, ya saka wa waɗanda suka shirya taron nan da alheri, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Wanda kuma hanyarsa ta bi ta lambun bayan layin dogo, don Allah ya tsaya ya gaya wa Dod an rubuta, kamar yadda ya ce.

Na gode.